Osibisa: Baƙin Da Suka Shigo Landan Da Gangarsu A Rataye

Duk wanda ya saba bin titin Lodge Avenue a nan Dagenham ya san wani tsohon gini mai siffar da'ira da ake kira Roundhouse. Mu dai matasan Hausawa mazauna wannan yanki wucewa kawai muke yi ta gabansa, domin gidan giya ne, ba wurin zamanmu ba. Amma daga shekarar 1969 zuwa 1975 babu wani dandalin kiɗan rok da ya kai shi suna a gabashin Landan, har manyan ƙungiyoyi irin su Led Zeppelin da Pink Floyd da Genesis sun cashe a cikinsa. A wancan zamani ne ake tashen wani salo da Turawa ke kira rok mai ci gaba, wato wanda ake jan waƙa ɗaya ta yi tsawo ana sassauya kiɗa a cikinta, ana cuɗa shi da jaz, sannan a ƙawata kwalin faifan da zanen ban mamaki.

Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne, a cikin masu tashe a lokacin har da 'yan uwanmu na Afirka ta Yamma. Bayan mutuwar Teddy Osei a Landan cikin watan Janairun 2025, wani dattijonmu haifaffen Zangon Kumasi ya zo taronmu na matasa riƙe da tsohon faifan garmaho, a jikin kwalinsa an zana giwa mai fuka-fuki tana tashi sama. Ya ce wa ya san masu wannan faifai? Jama'a, duk yawan sauraren waƙoƙin da muke yi a waya, ba wanda ya ɗaga hannu. Wannan kunya ce ta sa muka shiga bincike.

Shi Teddy Osei mutumin Kumasi ne ta ƙasar Gana, mabushin ƙahon saksofon da sarewa. Tun a gida shi da ƙanensa Mac Tontoh suke da ƙungiyar kiɗan haylayf mai suna The Comets. A shekarar 1962 ya iso Landan, daga baya gwamnatin Gana ta ɗauki nauyinsa ya karanci kiɗa, sai dai da sojoji suka hamɓarar da Kwame Nkrumah a 1966 tallafin ya yanke, ya koma neman na tuwo da ƙahonsa. A 1969 ya janyo ƙanen nasa da wani tsohon abokinsa makaɗin ganga, Sol Amarfio, suka haɗu da Lasisi Amao ɗan Nijeriya, da wasu mutum uku daga tsibiran Karibiyan, wato Wendell Richardson na Antigua mai jita, da Robert Bailey na Tirinidad mai ogan, da Spartacus R na Girinada mai jitar bas. Su bakwai ɗin nan, daga ƙasashe biyar, su ne asalin Osibisa. Tsintsiya ke nan, maɗaurinki ɗaya.

Faifansu na farko mai ɗauke da sunan ƙungiyar ya fito a 1971 ƙarƙashin kamfanin MCA, kuma Tony Visconti, wanda ya yi suna wajen aiki da David Bowie, shi ya tsara ɗaukar sa. Waƙar da ta buɗe shi, The Dawn, ta kai kimanin minti 7. Kafin shekarar ta ƙare suka sake fitar da na biyu, Woyaya, kuma kowanne daga cikin biyun ya hau mataki na 11 a jerin faifan da aka fi saye a Birtaniya. Giwar nan mai tashi kuwa aikin Roger Dean ne, matashin mai zanen da daga bisani duniya ta san shi da zanen kwalayen ƙungiyar Yes. A nan ne mai karatu zai gane dalilin da ya sa masoya rok mai ci gaba ke lissafa Osibisa a cikin nasu har gobe.

Daga nan sai faya-fayai suka yi ta biyo juna: Heads a 1972, wanda Mati Klarwein ya zana wa kwali, sai kiɗan fim ɗin Superfly T.N.T. da kuma Happy Children a 1973, sai Osibirock a 1974. A dai 1973 ɗin mawaƙin Amurka Art Garfunkel ya sake rera waƙarsu ta Woyaya a faifansa. Da suka koma kamfanin Bronze sai suka fitar da Welcome Home a 1975 da Ojah Awake a 1976, inda suka rage tsawon waƙoƙi suka karkata ga kiɗan rawa. A nan aka samu Sunshine Day, waƙarsu da ta fi kowacce shiga gidajen rediyon Ingila. A 1977 aka naɗi wasan da suka yi a zauren Royal Festival Hall aka fitar da shi da sunan Black Magic Night. Sun yi wasa a bikin samun 'yancin Zimbabuwe a 1980, suka kuma zagaya Indiya a farkon shekarun 1980.

A gaskiya tafiyar ba ta rasa cikas ba. Tun bayan faifai na uku mutanen farko suka fara watsewa, wasu na fita wasu na shigowa, kuma da kasuwa ta juya ga kiɗan disko sai tauraronsu ya dusashe a Turai. Duk da haka ƙungiyar ba ta mutu ba, domin ta fitar da Osee Yee a 2009 da New Dawn a 2021. Mac Tontoh ya mutu a 2010, Sol Amarfio a 2022, sannan jagoran nasu ya bi su.

To, me ya haɗa mu da wannan labari? Mu ma baƙi ne, ko kuma 'ya'yan baƙi. Idan ba a manta ba, a zaɓen 2006 jam'iyyar BNP mai ƙyamar baƙi ta ci kujeru 12 a majalisar ƙaramar hukumarmu ta Barking da Dagenham, shekara huɗu bayan kamfanin Ford ya daina haɗa motoci a garin. Ko da yake ta rasa su gaba ɗaya a 2010, yawancinmu a cikin wannan yanayi muka yi firamare, shi ya sa wasunmu suka tashi suna ɓoye asalinsu. Yau a taronmu sai ka gaida yaro da Hausa ya amsa maka da Turanci, wani ma ko sunansa na yanka ba ya so a kira a gaban abokansa na makaranta.

Su kuwa waɗannan bayin Allah sun zo a zamanin da ya fi namu tsanani ga baƙar fata, amma ba su ajiye gangar gida don a karɓe su ba. Sun koyi jita da ogan na Turawa sun ƙware, sannan suka ɗora su a kan kiɗan Gana, suka hau dandali da tufafin Afirka, suna waƙa da Turanci da harsunan garinsu. Da a ce sun tsaya kwaikwayon Genesis ne, da wa zai tuna da su yau? Masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Ba muna cewa kowa ya zama makaɗi ba ne, mun san ra'ayin iyaye da malamanmu a kan haka, kuma muna girmama shi. Kiranmu shi ne, ɗan Hausa a Dagenham ya yi karatun boko ya fi kowa, amma ya riƙe harshensa da gaisuwarsa da tarihin gidansu, domin kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Iyaye kuma a daure a riƙa yi wa yara Hausa a cikin gida. Mu a namu ɓangaren mun yanke shawarar zama da dattawanmu ɗaya bayan ɗaya, mu naɗi labarin zuwansu ƙasar nan tun suna raye, kada wata rana a ɗaga hotonsu a gaban jikokinsu a rasa mai ɗaga hannu. Allah Ya sa mu dace, amin.