Mene ne rifleksoloji?

A manyan otal-otal da gidajen tausa, daga Bankok har Landan, ana yawan tallar wata hidima mai suna rifleksoloji. Tausar tafin ƙafa ce da babban yatsan hannu, bisa imanin cewa kowane gurbi a tafin yana da alaƙa da wani sashen jiki. Yatsun ƙafa na wakiltar kai, tudun da ke bayansu ƙirji, diddige kuma ƙugu.

Masu sana'ar kan kafa hujjar daɗewarta da wani zane a kabarin Ankhmahor da ke Sakkara a Masar, amma tsarin da ake bi yau daga Amurka ya fito. Likita William Fitzgerald ya kasa jiki shiyya 10 a littafinsa na 1917, sannan Eunice Ingham ta zana taswirar ƙafa, ta wallafa nata a 1938.

Zama ɗaya kan ɗauki minti 30 zuwa 60, kuma da yawa kan tashi gajiya ta sake su. Batun warkar da cuta kuwa, nazarin Edzard Ernst na 2009 bai samu gamsasshiyar hujja ba. Mai ciwon sukari, ko miki a ƙafa, ko daskarewar jini a jijiya, ya fara tuntuɓar likita.