Kyamarar ja da baya a motar tsere: aikin yana wajen haɗa waya da saiti

Ƙananan motocin nan masu ƙofa biyu, waɗanda ake kira motocin tsere, an ƙera su ne don gudu da ƙawa, amma idan aka zo ja da baya sai aibinsu ya fito. Direba yana zaune kusa da ƙasa, gilashin baya ƙarami ne kuma a kwance yake, ga shi ƙarfen da ke riƙe da rufi yana tare gefe da gefe. Wannan matsala ta daɗe. Chevrolet Corvette ta shekarar 1963 ta fito da gilashin baya rabe biyu, a 1964 kamfanin ya cire sandar tsakiyar saboda tana kare ganin direba. Lamborghini Countach, wadda aka ƙera daga 1974 zuwa 1990, ta yi suna da cewa mai ita kan ɗaga ƙofa ya zauna a bakinta yana waiwaye kafin ya iya komawa baya. Nissan 350Z kuwa tana da wani ƙarfe da ya gitta wurin ajiye kaya, ga ɗan gilashi siriri a samansa.

Maganin da aka samo shi ne ƴar kyamara a bayan mota da allon kallo a gaban direba. Tun a 1956 kamfanin General Motors ya nuna dabarar a jikin wata motar gwaji mai suna Buick Centurion, amma sai a 1991 aka sayar da ita ga jama'a a Japan, a jikin Toyota Soarer. Abin da ya mai da ita dole kuwa asarar rayuka ce. A 2002, a jihar New York ta Amurka, wani yaro ɗan shekara 2 mai suna Cameron Gulbransen ya rasu lokacin da mahaifinsa ke ja da baya a ƙofar gida bai gan shi ba. An sanya sunan yaron ga wata doka da shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a 2008. A 2014 hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasar ta ƙiyasta cewa irin wannan haɗari yana kashe mutum 210 yana raunata 15,000 a kowace shekara, kuma kashi 31 bisa ɗari na mamatan yara ne da ba su kai shekara 5 ba. Daga 1 ga Mayu 2018, duk sabuwar ƙaramar mota da za a sayar a Amurka sai da kyamarar baya. Tarayyar Turai ma ta tilasta na'urar gano abin da ke baya, kyamara ko mai ƙara, ga duk sabbin motoci daga Yulin 2024.

Motocin da aka ƙera kafin waɗannan dokoki ba su ɓace ba. Da yawa daga cikinsu sun ƙetaro teku ta tashoshin Kwatano da Lome, sun iso Yamai, Maraɗi, Tawa da Damagaram a matsayin motocin hannu. A garuruwan da yara ke wasa a ƙofar gida, awaki na kwance a inuwar mota, masu babur na kutsawa ta kowace kafa, mai irin wannan mota ya fi kowa bukatar ganin bayansa. Kayan ba su da wuyar samu, kuma ba su kai kuɗin gyaran fenti ba. Wurin da ake yin kuskure shi ne wajen ɗaurawa.

Matakin farko shi ne zaɓen wurin zaman kyamarar. An fi ɗaura ta a saman lambar mota, kusa da fitilar lambar, don a can ne ake samun hanyar shigar da waya ba tare da an huda jiki ba. Dole ta zauna daidai tsakiya, in ba haka ba layukan da ke fitowa a allo za su karkace. A wasu motocin tsere, kamar Porsche Boxster da Corvette, bututun hayaƙi yana fitowa ta tsakiya ne, saboda haka sai a nisanta kyamarar da wayarta daga zafinsa da baƙin hayaƙinsa. Yana da kyau a sayi mai alamar IP67 ko IP68, wato wadda ƙura da ruwa ba sa shiga cikinta, domin damina da wankin mota su ne ke fara kashe masu araha.

Na biyu shi ne wuta. Kafin a taɓa kowace waya sai a cire kan batir mai alamar ragi, a kuma tabbatar ana da lambar sirrin rediyo idan irin wanda ke kullewa ne. Kyamarar tana aiki da volt 12, kuma akasari ana jawo mata wuta daga fitilar da ke kamawa idan an sa giyar baya, ta yadda za ta tashi da kanta. Mai gyaran wutar mota da ya san aikinsa yakan gwada wayar da mita kafin ya yanke, ba ya dogara da launinta. A motocin Jamus na baya-bayan nan kwamfuta ce ke sarrafa fitilu, tana aika wutar a gutsure tana kuma lura da yawan abin da ake ja. Idan aka rataya kyamara kai tsaye, hoto kan yi rawa ko alamar gargaɗi ta kama a gaban direba. Maganin shi ne a sa ɗan makunni mai suna rele, fitilar ta riƙa ba shi umarni kawai, ainihin wutar kuma ta fito daga batir ta hanyar fis.

Wayar komawa, wadda masu gyara ke kira mas, ita ma tana da nata sharaɗin. Sai an ɗaure ta a ƙarfe tsirara marar fenti. Jikin Corvette ba ƙarfe ba ne, roba ce mai haɗe da zaren gilashi, don haka kusar da aka ɗaura a jikinta ba ta kai wuta ko'ina. Sai an nemi ƙarfen gindin mota. Haɗin da aka murɗa da hannu aka naɗe da salataf ba ya jure zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke wuce digiri 40, kuma cikin motar da ke rana ya fi haka nesa. A liƙe da dalma shi ne daidai.

Na uku shi ne wayar hoto, mai kai rawaya, wadda tsawonta kan kai mita 6. Ana bi da ita ta ƙarƙashin shimfiɗa da gefen bakin ƙofa har zuwa gaba. Ba a bi da ita ta rufi a motar da ke da jakar iska a gefe, don kada ta tare jakar ranar haɗari. Duk inda ta ratsa ƙarfe sai an sa mata zoben roba. A motar da injinta ke baya, kamar Porsche 911, wayar tana wucewa kusa da zafi da wayoyin tartsatsi, kuma nan ne layuka ke shiga hoto. Akwai kyamarori marasa wayar hoto, masu aikawa ta iska. Sun fi sauƙin ɗaurawa, amma wasu kan yi jinkiri ko su yanke. Allon kuwa ko dai na rediyon zamani ne, ko madubin tsakiya mai allo a cikinsa, wanda ya fi dacewa da ƙaramin ɗakin motar tsere. A duba cewa allon da kyamarar tsarinsu ɗaya ne, PAL ko NTSC, kuma hoton a juye yake kamar na madubi, abin da ke dama ya fito a dama.

Aikin bai ƙare ba sai an yi saiti. Dokar Amurka ta ce hoto ya fito cikin daƙiƙa 2 bayan sa giya, ya kuma nuna fili mai faɗin kusan mita 3 da tsawon mita 6 a bayan mota. Mai mota na iya auna tasa da wannan ma'auni: ya ajiye jarkoki a kusurwoyin filin, da wata a nisan mita 1, ya ga ko duk sun fito. A karkata kyamarar har bakin bayan motar ya ɗan bayyana a ƙasan allo, domin da shi ido ke kwatanta nisa. Kyamarar da ke ƙasa-ƙasa, mai buɗe ido har digiri 170, tana sa abu ya yi kamar yana nesa alhali ya kusa.

Ko an yi komai daidai, kyamarar ba ta ganin yaron da ya sheƙo daga gefe, ba ta kuma ganin wanda ya shige ƙarƙashin mota. Ƙurar hunturu kan rufe idonta cikin yini guda, sai an riƙa gogewa da tsumma mai laushi. Saboda haka direban da ya sa ta ba zai bar zagaya mota kafin ya shiga ba, musamman a ƙofar gida, kuma zai ci gaba da duba madubai yana tafiya sannu.