Rina gashi a gida: tsoron da ba shi da tushe, da haɗarin da aka yi shiru a kansa

Duk wanda ya ratsa kasuwar Birnin Ƙonni ana gab da salla zai ga teburan masu kayan kwalliya cike da 'yan kwalaye da ledoji na rinin gashi. Wasu da rubutun Turanci, sun shigo ta Illela ta ɓangaren Sakkwato; wasu da Faransanci; wasu da Larabci ko rubutun Indiya; wasu kuwa baƙin gari ne kawai a ƙulle a farar leda, ba suna ba adireshi. Daga nan kayan ke bin babban titi zuwa Tsarnawa da Malbaza da Galmi, su hau arewa zuwa Badagishiri da Illelar jihar Tawa. Masu saye sun haɗa da magidancin da furfura ta fara leƙo masa a gemu, da uwargidan da ke son rufe 'yan fararen gaban goshi, da budurwar da ta ga wani launi a waya. Yawancinsu a gida za su yi, kuma karon farko ne. Abin da suka sani game da rini daga bakin maƙwabta suka ji shi, kuma a nan matsalar take: maganganun da aka fi yayatawa su ne marasa tushe, wanda ke kwantar da mutum a asibiti kuwa ba a cika ambatonsa ba.

Maganar da ta fi kowace yawo ita ce wai rini yana ƙara furfura, wai da zarar ka fara shi ke nan kanka zai yi fari fat. Wannan ba gaskiya ba ne. Launin gashi a can cikin saiwarsa ake yin sa, a ƙarƙashin fata, inda wasu ƙwayoyin halitta ke zuba masa sinadarin melanin. Silin da ya riga ya fito waje ba shi da rai, kuma abin da aka shafa masa ba ya komawa ya canza aikin saiwa. Abin da ke ruɗin mutane shi ne gashi na tsirowa kusan santimita 1 a wata. Bayan mako 4 ko 5 sai farin tushe ya bayyana a ƙarƙashin baƙi wuluk, ido ya fi ganinsa fiye da da. Ga shi kuma shekaru ba su tsaya suna jiran kowa ba. Haka batun tsige furfura: rami ɗaya sili ɗaya yake fitarwa, in ka cire fari wani farin ne zai dawo a gurbinsa, ba bakwai ba kamar yadda ake faɗa.

Tunda muna ƙasar albasa, sai an taɓo ruwan albasar Galmi da ake cewa yana mayar da furfura baƙa. Akwai wani ƙaramin bincike da likitocin fata suka buga daga Iraƙi a 2002, wanda ya nuna ruwan albasa ya taimaka wa wasu masu ciwon da ke cinye gashi da'ira-da'ira. Bai shafi furfura ba ko kaɗan. Albasarmu ta yi suna a duk Afirka ta Yamma, amma a tukunya.

Sai batun addini, wanda ke hana mutane da yawa sakewa. Ana cewa wanda ya rina gashi alwalarsa da wankansa ba su inganta ba, domin ruwa ba ya shiga. Ƙa'idar da malamai ke bi ita ce: abin da ke hana tsarki shi ne wanda ya yi ɓawo a kan jiki, ya tare ruwa, irin fenti ko jan farcen kanti. Launin da ya shiga cikin gashi bayan an wanke ƙullin ba ya tare komai. Lalle da rinin kwali duk haka suke. Inda maganar take da gaske shi ne rini da baƙi tsantsa. Hadisin Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, wanda Muslim ya ruwaito, ya zo da umarnin a canza masa furfura amma a kauce wa baƙi. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ta ɗauki baƙin rini makaruhi ba haram ba, ta kuma ce babu laifi a yi da lalle. Wasu malaman Shafi'iyya, irin su Nawawi, sun haramta shi. Saɓani ne tsoho, kuma wanda abin ya dama ya tambayi malaminsa. Amma cewa salla ba ta karɓuwa saboda ruwa bai taɓa gashi ba, wannan ƙari ne na bakin kasuwa.

Yanzu ga inda ya kamata a tsaya a daɗe. Za ka ji mai tebur ya ce: “Hajiya, wannan baƙin lalle ne, na itace ne, ba ya komai.” Babu wani itace mai ba da baƙin lalle. Ganyen lalle ja yake bayarwa, daga ruwan goro zuwa ja mai duhu, kuma sai ya kwashe sa'o'i kafin ya kama. Duk garin da aka kwaɓa ya mayar da gashi ko fata baƙi ƙirin cikin rabin sa'a, to an zuba masa wani abu, kuma kusan kullum abin shi ne sinadarin da ake taƙaita sunansa da PPD. A jikin kwali za a ga an rubuta shi p-phenylenediamine. Shi ne ƙashin bayan yawancin rinin da ba ya fita, har da na manyan kamfanoni, sai dai su dokar ƙasashensu ta yi musu iyaka. A Tarayyar Turai ba a yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 ba bayan an haɗa rinin, kuma ba a yarda a zana shi a fata ba. Wani bincike da aka buga a 2010 kan baƙin lallen shagunan kwalliya a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya tarar da wanda PPD ɗinsa ya kusa kashi 30. Ƙullin ledar da ba rubutu, ba wanda zai iya gaya maka nawa ke ciki, har shi mai sayarwar.

Illar PPD ba irin ta wuta ba ce da za a ji nan take. Jiki ne ke koyon ƙinsa. Karon farko, ko na biyar, ko na ashirin, ba a ga komai ba. A ɓoye kuwa garkuwar jiki ta riƙe shi, kamar maigadin da ya taɓa ganin fuskar ɓarawo. Wata rana sai a yi rini da yamma, bayan kwana ɗaya ko biyu ƙaiƙayi ya tashi, fatar kai ta yi ruwa, kunne da goshi su yi ƙuraje, fatar ido ta kumbura har ta rufe. Da yake abin ya yi jinkiri, sai a ɗora laifin a kan sammu, ko kambun baka, ko wani abinci. Saboda haka maganar “na sha yi ban ga komai ba” ba hujja ba ce. Kuma da zarar jiki ya koya, ba ya mantuwa har ƙarshen rayuwa. Ƙungiyar likitocin Amurka masu nazarin irin wannan ciwon fata ta zaɓi PPD a matsayin sinadarin da ta fi jan hankali a kansa a 2006.

Wannan ya shafi matanmu fiye da kowa, saboda baƙin zanen ƙunshi na biki da suna, wanda a Kano ake ce wa dayis. Sau da yawa rinin gashi ne ake kwaɓawa a zana a hannu da ƙafa, ya daɗe a kan fata. Amaryar da zanenta ya taɓa tashi ya yi ƙaiƙayi ko ya bar tabo, jikinta ya riga ya koya. In ta ɗora rinin kwali a kai bayan shekara goma, abin da zai biyo baya zai iya fin na farko muni. Ita kam kada ta gwada, ko da ɗigon gwajin da ake yi a bayan kunne kafin rini.

Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan. PPD guba ne in an haɗiye shi. Asibitocin Sudan da Maroko da Indiya sun daɗe suna karɓar mutanen da suka sha shi, har da yaran da suka ɗauka a rashin sani. Cikin 'yan sa'o'i wuya da harshe ke kumbura su toshe numfashi, fitsari ya koma baƙi, ƙoda ta tsaya, kuma babu wani maganin da ke karya wannan guba. Ragowar gari ba abin ajiyewa a gefen gado ko cikin kwanon kayan yaji ba ne.

To shi jan lallen namu fa? A kan babba lafiyarsa lau, in dai ganye ne zalla ba a zuba masa kananzir ko wani sinadari don ya yi saurin kamawa ba. Abu biyu ne kawai. Ba ya mayar da baƙin gashi ja. Furfura kaɗai yake kamawa sosai, shi ya sa gemun dattawa ke yin ruwan goro. Wanda ke son duhu sai ya bi bayan lallen da garin ganyen baba, a zama biyu. Na biyu kuma, kada a lulluɓe jariri da lalle. Akwai wata larurar jini ta gado da ake kira ƙarancin G6PD, mai yawa a Afirka ta Yamma, kuma likitoci sun rubuta labarin jariran da lalle ya farfasa musu jajayen ƙwayoyin jini.

Batun ciwon daji ba a yanke shi da eh ko a'a. Hukumar binciken kansa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a rahotonta na 2010, ta ce aikin masu aski da gyaran gashi, waɗanda ke cikin sinadaran kullum, mai yiwuwa ne ƙwarai yana jawo kansa. Amma mai rina nasa gashin lokaci-lokaci, hujja ba ta kai a yanke hukunci ba. A 2019 wani bincike a Amurka kan mata sama da 46,000 ya ga ƙarin kansar nono na kashi 9 cikin 100 a wurin masu rinin da ba ya fita, kuma a wurin baƙaƙen mata ƙarin ya kai kashi 45. A 2020 wani da ya bi ma'aikatan jinya sama da 117,000 tsawon shekara 36 bai ga alaƙa da yawancin nau'o'in kansa ba. A ganina, wanda ya ce “rini kansa ne” ya wuce gona da iri, wanda kuma ke rinawa duk mako uku ya rage. Mai ciki ma haka: abin da ke ratsa fata kaɗan ne, amma da yawa cikin likitoci na ba da shawarar a bari sai an wuce mako 12 na farko.

Sauran kurakuran na sabon hannu ne. Kwalin da aka rubuta ba shi da amoniya wari ne kawai ya ragu, PPD na iya kasancewa a ciki. Barin rini ya kwana a ƙarƙashin ɗankwali ba ya ƙara baƙi. Aikinsa na ƙarewa cikin mintunan da takarda ta faɗa, abin da ya biyo baya cin fata ne, balle a zafin watan Afrilu na Ƙonni. Ba a haɗa rini da man miƙar da gashi a rana ɗaya, sai an ba da tazarar mako 2 aƙalla, in ba haka ba gashin ya kakkarye. Kan da aka tsefe yau aka sosa da tsinke, ko mai makero ko ƙuraje, ba a rina shi. Gira da gashin ido kuwa ba a sa musu rini: a 1933 wani rinin gashin ido mai suna Lash Lure ya raunata idanun mata a Amurka, har da makanta, yana cikin abin da ya sa ƙasar ta yi dokar kayan kwalliya a 1938. Kwalayen Turai kuma suna ɗauke da gargaɗin cewa ba na 'yan ƙasa da shekara 16 ba ne.

Mai son farawa ya sayi kwali mai jerin sinadarai da ranar lalacewa, in na Najeriya ne ya duba lambar NAFDAC, kuma ya kauce wa wanda ya sha rana a tebur. Ya kwaɓa ɗan kaɗan yadda takardar ciki ta nuna, ya ɗiga a bayan kunne ko lanƙwasar hannu, ya jira sa'o'i 48. Kowane karo ake yin wannan, ko da kwalin da aka saba ne, kuma ko gwajin bai nuna komai ba a ci gaba da lura. Ranar rini a sa safar hannu, a kwaɓa a roba ba a kwanon ƙarfe ba, a shafa man kaɗe a goshi da kunnuwa, a zauna inda iska ke shiga, a sa agogo. Ragowar da aka kwaɓa a zubar, domin in aka toshe ta a kwalba tana iya fashewa.

In kai ya fara zafi ana cikin yi, a wanke nan take da ruwa mai yawa. In fuska ko leɓe ko wuya ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko yaro ya haɗiyi garin, ba lokacin jiƙe-jiƙe ko jiran gari ya waye ba ne. A nufi asibiti mafi kusa, na gundumar Ƙonni ko na Galmi ko na Illela, kuma a tafi da kwalin ko ledar a hannu domin likita ya ga abin da aka yi amfani da shi.