Kalmar "Credential": Asalinta da Inda Ake Amfani da Ita

Credential kalmar Ingilishi ce da ke nufin duk abin da mutum zai gabatar don a yarda cewa shi ne wanda yake ikirari, ko cewa ya cancanci abin da yake nema. An fi faɗarta a jam'i, credentials. A Hausa takardun shaida ake cewa, masu neman aiki kuwa "takardu" kawai suke kiransu.

Tushenta kalmar Latin ce, credere, wato yarda ko gaskatawa. Daga ita aka sami credentia, ma'ana amana, sannan credentialis a Latin ɗin marubutan Turai na tsakiyar zamani. Kalmar credit ta ma'aikatan banki 'yar'uwarta ce, domin ba a ba mutum bashi sai an yarda zai biya. Da farko a Ingilishi wasiƙa ake siffantawa da ita, irin wadda sarki ke ba manzonsa ya kai wa wani sarkin, yana cewa a gaskata duk abin da manzon zai faɗa da sunansa. Daga baya ta zama sunan takardar kanta.

Wannan tsohuwar ma'ana tana nan da ranta a harkar jakadanci. Sabon jakada yakan zo da wasiƙa daga shugaban ƙasarsa zuwa ga shugaban ƙasar da aka tura shi, abin da gidajen rediyo ke kira miƙa takardun kama aiki. Yarjejeniyar Vienna ta 1961 ta tanadi cewa jakada ya kama aiki ne daga lokacin da ya miƙa wasiƙar, ko ya ba ma'aikatar harkokin waje kwafinta, gwargwadon al'adar ƙasar. Da wannan rana, har ma da sa'ar, ake tantance wanda ke gaba da wani a cikin jakadu. Majalisar Ɗinkin Duniya ma tana da kwamiti mai mambobi 9 da ke duba takardun wakilan ƙasashe. Aikin kamar na akawu ne, amma yakan zama siyasa tsantsa: bayan Taliban ta karɓi mulkin Afganistan a 2021, kwamitin ya yi ta ɗage hukunci kan wanda zai zauna a kujerar ƙasar.

A nan ne muhimmin abu ke fitowa. Darajar takardar shaida daga wanda ya bayar da ita take, mai riƙe da ita aron amana ya yi. Sakamakon WAEC ko NECO, digirin jami'a, takardar kammala bautar ƙasa ta NYSC, lasisin likita, duk suna aiki ne saboda an yarda da hukumar da ta sa hannu. Shi ya sa jabu ke yin ɓarna mai yawa. A 1999 Salisu Buhari ya sauka daga shugabancin Majalisar Wakilan Najeriya bayan an gano bai yi digirin da ya ce ya yi a Jami'ar Toronto ba. A farkon 2024 kuma gwamnati ta dakatar da tantance digirin jami'o'in Jamhuriyar Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo digiri daga Kwatano cikin 'yan makonni.

Tsarin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan boko, malami kan ba almajirinsa ijaza, wato izinin karantar da littafi, haɗe da silsilar malaman da karatun ya biyo ta hannunsu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya karɓi irin wannan daga Malam Jibrilu ɗan Umaru.

A fannin kwamfuta kalmar tana nufin sunan shiga da lambar sirri, wani lokaci har da zanen yatsa ko lambar da banki ke turowa ta waya. Duk wanda ya kawo su daidai na'ura za ta buɗe masa. Saboda haka 'yan damfara suka fi ƙoƙarin yaudarar mai asusu ya faɗa da bakinsa fiye da fasa manhajar banki.