ƘAUYEN DA KE BISA DUTSE A BAKIN KOGIN LOT

In an ambaci ƙasar Faransa, yawancin mutane birnin Faris kaɗai ke faɗo musu a rai. Amma fa ƙasar nan tana da ƙananan gundumomi kusan 35,000, ko wace da shugabanta da majalisarta, galibinsu kuwa ƙauyuka ne. Ɗaya daga cikinsu muka ziyarta, sunansa Saint-Cirq-Lapopie, ana faɗinsa San Sir Lapopi. Yana kudu maso yammacin ƙasar, kamar mil 20 gabas da garin Cahors, watau Kawor. Mazaunansa ba su wuce mutum 200 da 'yan kai ba.

Ƙauyen yana bisa wani dutse mai tsayin ƙafa 300 ko fiye, Kogin Lot kuwa yana gudu a gindinsa. Mai zuwa daga ƙasa, in ya ɗaga kai, sai ya ga gidaje sun manne wa dutsen kamar ɗakin zanzaro a jikin bango. Lungunan garin ƙunci gare su, an shimfiɗe su da duwatsu, ga hawa ga gangara, don haka baƙo a bayan gari ya kan bar motarsa, ya biya kuɗin ajiya, ya shiga da ƙafa. A zamanin da, gidajen sarauta uku ne suka raba mulkin wurin, ko wane da ganuwarsa a kan dutsen. Sarki Luwi na 11 ya sa aka rushe su a 1471, abin da ya ragu kuma aka ƙarasa shi a 1580. Yanzu sai kufai, da majami'ar da aka fara ginawa a 1522.

Ga abin da zai ba akawunanmu sha'awa. Ƙauye kome ƙanƙantarsa yana da ofishinsa, tutar ƙasa na kaɗawa a ƙofa. In mutanensa sun kai 100 amma ba su cika 500 ba, wakilai 11 doka ta ba su. Jama'a ke zaɓen wakilan bayan ko wace shekara 6, su kuma su fid da shugaba daga cikinsu. A ofishin nan a ke rubuta haihuwa da mutuwa, nan kuma a ke ɗaura aure, gama dokar Faransa ba ta san wani aure ba sai wanda aka ɗaura gaban shugaban gari ko mataimakinsa. Gyaran hanyoyin ƙauye da ginin makarantar yara, duk a wuyan gundumar su ke. Tun 1789 aka kafa gundumomin nan.

To, amma sai mun sauka bakin kogi sa'an nan muka gane yadda garin ya yi arziki, da yadda arzikin ya kuɓuce masa. Tsawon Lot ya kai mil 300, daga duwatsun Lozer har inda ya faɗa cikin Kogin Garon. A da shi ne babbar hanyar fatauci. Jiragen katako masu shimfiɗaɗɗen ciki su kan gangara da katako da ruwan inabi da kwal zuwa Bordo. Gangara ba wuya, komowa ce aiki, don sai an ɗaura wa jirgi igiya mutane ko dabbobi su ja shi daga gaɓa. Tsakanin ƙauyen da Buziyes, inda dutsen ya sauko tsaye har cikin ruwa, babu wurin sa ƙafa. Saboda haka wajen 1845 aka sassaƙe hanya a cikin dutsen kansa. Mun bi ta. Dutse ne a sama, dutse a ƙasa, dutse a gefe guda, ɗaya gefen kuwa ruwa ne. Kai, wanda ya dubi sawun guduma a jikin bangon nan ya san an sha wuya!

Abin tausayi, wahalar ba ta daɗe tana amfani ba. A 1886 aka buɗe hanyar jirgin ƙasa a kwarin, fatake suka bar kogi, har a 1926 gwamnati ta cire Lot daga cikin kogunan da a ke lissafa su hanyar jirage. Kafin wannan kuma wani ɗan ƙwaro daga Amurka ya cinye saiwar inabin lardin ƙaf, manoma suka rasa abin yi. Masassaƙan garin, waɗanda suka yi suna wajen yin famfon katako na ganguna, su ma ciniki ya ja da baya. Samari suka watse birane. Jirgin ƙasan da ya kashe kogin, shi ma ya daina ɗaukar fasinja a 1980.

Baƙi ne suka ta da garin. Masu zane da marubuta suka fara sayen kangwaye suna gyarawa, cikinsu har da Andre Breton, wanda ya zo a 1950, ya riƙa cin bazara nan har mutuwarsa a 1966. A 2012 masu kallon wani shirin talabijin suka zaɓe shi ƙauyen da Faransawa suka fi so, tun daga nan kuwa sai cinkoso. A watan Agusta da ƙyar mutum ya kan sami wurin wucewa, amma da sanyi ya shigo sai a kulle yawancin kantuna. Ga kuma doka: wanda gidansa ke kusa da ginin tarihi ba shi da ikon sake ko taga sai da iznin ma'aikacin gwamnati. A ganinmu dokar ce ta tsare kyan garin, ita ce kuma ke sa wa talakan da ke zaune ciki nauyi, don gyara irin na da tsada gare shi.

Bisa tudun da ke kewaye ƙasa ce ta farar ƙasa, ruwan sama ba ya tsayawa, nan da nan ya nutse. Tumaki a ke kiwo, farare masu baƙi kewaye da ido, sai ka ce sun sa tabarau. Ruwan nan mai nutsewa shi ya fafe koguna a ƙarƙashin ƙasa.

Mafi girman daraja a cikinsu shi ne Pech Merle, kusa da ƙauyen Kabrere a kwarin Kogin Sele, wanda ke haɗuwa da Lot kusa da Buziyes. Malaman makaranta su lura da wannan. Limamin majami'ar ƙauyen, Amede Lemozi, shi ya sa wa yaran garin son binciken koguna, har a 1922 biyu daga cikinsu, Andre David da Henri Dutertre, 'yan shekara 16 da 15, suka kutsa wani rami suka tarad da zane a bango. Akwai dawaki biyu masu ɗigo-ɗigo waɗanda masana suka ce sun yi shekara wajen 29,000, da giwaye masu gashi, da siffar tafin hannu wadda aka yi ta hanyar dafa bango a fesa launi kewaye. A wani wuri kuma ga sawun wani yaro na zamanin a cikin laka, ya bushe ya zama dutse. An buɗe wa jama'a kogon a 1926. Mutum 700 kaɗai a ke bari su shiga a rana, ƙungiya ƙungiya, domin numfashin mutane da ɗumin jikinsu suna ɓata zanen. Wanda ya yi niyyar zuwa da bazara, sai ya aika a ajiye masa wuri tun da sauran kwanaki.