Aljihun Mota da Gyaran Makullinsa: Misali daga Tsanyawa

Gabatarwa

Yawancin nazarce-nazarcen da mu ɗalibai muke yi a kan sana'o'in Hausawa sun fi karkata ga ƙira da jima da saƙa da dukanci, sai ka ce hikimar hannun Bahaushe ta tsaya ne ranar da mota ta shigo ƙasarsa. Alhali kuwa kanikanci ya daɗe da zama sana'ar gida, yana da iyayen gidansa da yaransa da kalmominsa. A wannan maƙala za a ɗauki abu ɗaya ƙarami daga cikin aikin bakanike, wato makullin aljihun mota, a bayyana yadda yake aiki da dalilan lalacewarsa da hanyar gyara shi. Abin da nake son nunawa shi ne, sau da yawa makullin ba ya karyewa da kansa. Ƙura ce ko gocewa take hana shi aiki, sa'an nan mai gaggawa ya zo ya ƙarasa shi da ƙarfin tsiya.

Sunan da muhimmancinsa

Aljihun mota shi ne ɗan akwatin nan mai murfi da ke jikin dashbod, daura da gwiwar wanda ya zauna kusa da direba. Wasu kuma loka suke ce masa. Sunan da Ingilishi ya ba shi yana nufin akwatin safar hannu, domin motocin farko a buɗe suke, direbobin Turai kuwa sai da safa saboda sanyi. Bahaushe bai fassara wannan suna ba, don ba shi da safar da zai ajiye. Ya dubi aikin abin ne, ya ga ma'aji ne a jikin mota kamar yadda aljihu yake a jikin riga. Ita kanta kalmar aljihu daga Larabci muka aro ta tun da daɗewa, ga shi yau ta yi sabon aiki.

Garin Tsanyawa yana kan hanyar Kano zuwa Katsina, gaba da Bichi, ƙasa ce kuwa ta noma wadda ƙauyukanta suke kusa da juna. Motar haya a nan takan bar kwalta ta bi burji da hanyar gona, ta kwaso gero da dawa da gyaɗa da wake, ta komo titi inda jami'ai suke jira. Tun da aka kafa hukumar kiyaye haɗura ta tarayya a 1988, masu neman ganin takardu a kan hanya sun ƙaru. Takardun mota da lasin da rasit, wani lokaci har da cinikin yini, duk a aljihun nan suke. Direban da aka tsayar ya ja murfi ya ƙi buɗewa, da wuya a yarda da uzurinsa. Wanda kuma murfinsa yake faɗowa a kowane gargada, ga shi an cusa mutum biyu a kujerar gaba, dole ya riƙa miƙa hannu yana turawa alhali mota tana gudu. Wannan na biyu ya fi haɗari.

Yadda makullin yake

Wanda ya san sakatar ƙofa ya san rabin wannan makulli. Akwai mariƙi, wato abin da ake ja ko dannawa. Akwai harshe, ɗan ƙarfe ko roba mai lanƙwasa da yake leƙowa daga murfi. Akwai makama, ƙarfen da aka ɗaure a jikin dashbod domin harshe ya saƙale shi. Bayan harshen kuma akwai sifirin ɗan ƙarami da yake tura shi waje kullum. In an tura murfi, harshe yakan ja da baya ya wuce makama, sifirin ya maido shi, a ji "ƙas". In an ja mariƙi, sai harshe ya janye, murfi ya sauko a kan maratayinsa na ƙasa.

Tsofaffin motoci irin su Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar Peugeot a 1975, kayan cikinsu ba su da sarƙaƙiya sosai. Motocin baya-bayan nan kuwa roba ta yi musu yawa, wasunsu ma sanduna biyu ne suke fita hagu da dama su shige cikin ramuka a gefen akwatin. Mai gyara ya fara sanin wane iri ne a gabansa.

Idan murfi ya ƙi rufuwa

Abu na farko ba ya bukatar kayan aiki: a kwashe duk abin da ke ciki. Aljihun da aka cika da takardu da tocila da filaya da ƙullin goro, abin da ya tokare murfin a ciki yake. Bayan haka a danna harshe da yatsa. In ya shiga ya komo da sauri, lafiyarsa lau, laifin na makama ne. In ya shiga ya maƙale, ko ya komo a sanyaye, to datti ne ko sifirin ya gaji.

A nan ne ya kamata a tsaya a kan zancen mai. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan cika ko'ina da ƙura mai laushi kamar gari, burji kuma ya ƙara tasa. Ɗabi'ar mutane da yawa ce su ɗiga baƙin mai ko su shafa giris a kan duk abin da ya cije. Makullin zai yi laushi kwana biyu, amma mai da ƙura in suka haɗu taɓo suke zama, su daskare a inda sifirin yake motsi. Mafi muni shi ne man birki, domin yana cin fenti yana kuma lalata wasu robobi. Abin da ya dace shi ne a kwance sukurorin da ke riƙe da makullin daga cikin murfi, a goge shi da tsohon buroshin haƙori. In na ƙarfe ne a wanke da ɗan kananzir, in na roba ne ruwa da sabulu sun wadatar. Idan ya bushe sarai, sai a kankare bakin fensir a barbaɗa garin a inda sassan suke gugar juna. Garin nan yana sa santsi, ba ya kuma kiran ƙura. Ɗan makaranta ma yana da maganin a jakarsa.

Gocewar makama kuwa girgizar hanya ce take kawo ta, sukurori su sassauta kaɗan-kaɗan har ƙarfen ya bar muhallinsa. Sai a shafa alli a bakin harshe, a tura murfi a hankali, a duba inda allin ya taɓa. Daga nan a sassauta sukurorin makama, a matsar da ita inda ya kamata, a ɗaure. In ramin sukuron ya buɗe har ba ya kamawa, a cusa tsinken ashana a ciki ko a sami sukuron da ya ɗan fi kauri. Kada a ɗaure da ƙarfi fiye da kima, roba ba katako ba ce. A kuma leƙa maratayin ƙasa, don in ɗayansu ya saki, murfin zai karkace, gyaran makama ba zai yi amfani ba.

A motocin da aljihunsu yake da fitila, murfin da bai rufu sosai ba yakan bar ta a kunne har ta shanye batir, a wayi gari ana turin mota ana zargin wani abu dabam.

Idan murfi ya ƙi buɗewa

Wannan ne yake jawo ɓarna, domin yakan zo ne lokacin da ake sauri. Wanda ya zura sukudireba a baki ya banƙara, lalle zai buɗe, amma zai buɗe ne da karyayyen harshe da tsagaggen murfi. Hanyar da ta fi ita ce a danna murfin ciki da tafin hannu ɗaya, a ja mariƙi da ɗaya hannun, saboda nauyin kaya yakan matse harshe a jikin makama, dannawar ce take sassauta shi. In makullin mai ramin mabuɗi ne, a tabbata ba kulle shi aka yi ba. In kuwa mariƙi yana tafiya sakwaf ba tare da ya ja komai ba, haɗinsa da harshe ne ya yanke. Sai a zura siririyar waya mai ƙugiya ta saman murfi a lalubo harshen, ko a sunkuya ƙarƙashin dashbod a zare ƙusoshin maratayi, murfin ya fito ta ƙasa.

Akwai gargaɗi guda. Motoci da yawa da aka ƙera daga shekarun 1990 zuwa yau suna da jakar iska ta kare fasinja, mazauninta kuwa sama da aljihun nan ne, wayoyinta galibi rawaya ne. Kada a ja su, kada a soke su. In aikin zai kai can, a cire kan batir a dakata 'yan mintoci tukuna.

Idan ya karye

Zafin bazara yana gasa dashbod, shekara da shekaru robar ta bushe ta zama kamar sakaina. Harshen da ya karye, dabarar gam da yashi da ake yi a bakin hanya ba ta riƙe shi, domin wuri ne da yake shan bugu duk lokacin da aka rufe. Sifirin kam ana iya samunsa daga tsohon kwaɗo ko wani mataccen makulli. Sauran sassa sai an nemo. A ciro tsohon a tafi da shi, ko a ba direban da zai shiga Kano ya gwada a kasuwar Ƙofar Ruwa, don mota iri ɗaya takan bambanta daga shekara zuwa shekara. Kafin ya iso, ana iya kai murfin wurin maƙeri ya lanƙwasa 'yar sakata ta ƙarfe a ɗaura da sukurori biyu. Ba ta da kyan gani, amma ta fi takardar da ake naɗewa a cusa a bakin murfi, wadda takan zame a ramin farko da mota ta faɗa.