Faifai Na Nan, Na'ura Ta Ƙi Karɓa

Duk wanda ya shiga shagon mai gyaran rediyo a Ƙanƙara ko Faskari, da wuya ya rasa ganin na'urorin kallon faifai jibge a lungu sun sha ƙura. Da yawansu lafiyarsu ƙalau. Abin da za a sa musu ne ya ƙaura ya bar su.

A ƙasashen Turawa ma haka abin yake, sai dai ta wata hanya dabam. Tun da aka fito da faifan DVD a 1996, kamfanonin fim na Amurka suka sa masa kulle don hana kwafa. A 1999 wani yaro ɗan ƙasar Norway, Jon Johansen, da abokansa suka ɓalle kullen. Saboda haka da faifan Blu-ray ya fito a 2006, sai aka yi masa kulle mai mabuɗin da ake sakewa lokaci-lokaci. Watau sabon faifai yana iya zuwa da sabon mabuɗi, na'urar da ba a sabunta ba kuwa sai ta ƙi buɗe shi. Haka ta faru ga mutane da dama a 2010 sa'ad da aka fitar da fim ɗin Avatar. Idan kamfanin da ya ƙera na'urar ya daina aiko da sabuntawa, to, mai ita ya sayi faifai da kuɗinsa na halal, amma ba shi da ikon kallo.

Mu a nan, rashin kulle ne ya ci mu. Fim ɗin Hausa ya fara da kaset, tun daga Turmin Danya a 1990, daga baya ya koma faifan VCD wanda ba shi da wani kulle ko kaɗan. Fim ya fito kasuwar Ƙofar Wambai a Kano da safe, kafin ya kai ƙauyuka irin su Mabai an riga an buga na jabu. Da wayar hannu ta yawaita, masu tura fim a ƴan kuɗi kaɗan suka ƙarasa kashe kasuwar. Masu shirya finafinai suka koma tashar Arewa24, wadda aka buɗe a 2014, da kuma YouTube, inda Izzar So ya yi tashe daga 2020.

Ba a ga laifinsu ba, domin wanda ya zuba jari dole ya nemi inda zai fid da uwar kuɗinsa. Har wa yau dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta hana ɓalle irin wannan kulle a Nijeriya.

Amma akwai abin dubawa. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda ƴan bindiga, ciki har da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, har wajen wata uku. A lokacin, duk abin da ke kan intanet, fim ne ko karatu ko wa'azi, ya gagari mutanen Mabai. Mai tsohon faifai da janareta kuwa ya ci gaba da kallonsa.

Saura kuma ɗaruruwan finafinan da aka yi a kaset da faifai, waɗanda ba a taɓa ɗora su a ko'ina ba. Faifai yana karcewa, kaset yana cin tsatsa da danshi, na'urorin kuma kamfanoni na ta janye hannu daga ƙera su. Ya kamata Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina da sassan Hausa na jami'o'inmu su tattara su, su kwafe da izinin masu su, tun da sauran na'urar da za ta iya karanta su.